Ilmin Kare Muhalli a Makarantun Likitancin Haƙori

Gabatarwa

Idan aka ambaci gurɓatar muhalli, abin da kan fara faɗo wa mai karatu a rai shi ne hayaƙin masana'antu, ko malalar ɗanyen mai, ko sare itatuwa da ke jawo kwararowar hamada. Da wuya a sami wanda zai sanya ɗakin likitan haƙori cikin wannan lissafi, domin ɗaki ne ƙarami, mai tsabta, wanda mutum ke shiga da ciwo ya fito da sauƙi. Amma wannan ɗaki yana cin wuta da ruwa, yana fitar da shara mai ɗauke da cuta, kuma shekara fiye da 150 ke nan ana amfani a cikinsa da zaiba, ɗaya daga cikin ƙarafa mafiya guba da ɗan'adam ya sani. Wani rahoto da aka fitar a shekarar 2019 ya ƙiyasta cewa harkar kiwon lafiya gaba ɗaya ita ke da alhakin kashi 4.4 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya.

Saboda haka ne masana suka fara tambayar abin da ya kamata a koya wa likitan haƙori da mataimakansa tun suna makaranta, domin kada maganin da suke yi wa baki ya koma cuta ga ruwa da ƙasa da iska. Wannan maƙala za ta duba yadda batun ya taso, da darussan da ake koyarwa, da kuma abin da ya shafe mu a ciki.

Yadda Batun Ya Shiga Manhaja

A shekarar 2017, a taronta na birnin Madrid, Tarayyar Likitocin Haƙori ta Duniya, wadda aka fi sani da FDI, ta amince da wata sanarwa da ta ɗora wa likitan haƙori nauyin kula da muhalli a cikin aikinsa. A shekarar 2022 kuma ta fitar da matsayar haɗin gwiwa tsakanin likitoci da malaman jami'a da kamfanonin da ke ƙera kayan aiki. Tarayyar ta lura cewa yawancin likitocin da ke bakin aiki ba su taɓa jin wannan darasi a aji ba, ga shi kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga nan hankali ya koma kan makarantu. A shekarar 2023 ƙungiyar malaman likitancin haƙori ta Turai ta wallafa jerin abubuwan da ɗalibi zai sani game da muhalli kafin ya kammala karatu. A cikin wannan shekara kuma majalisar da ke yi wa likitocin haƙori rajista a Birtaniya ta sabunta ƙa'idojinta, ta sanya sanin wannan fanni cikin sharuɗɗan horo. Shawarar da malaman suka bayar ita ce kada a keɓe batun a kwas guda da ɗalibi zai haddace ya manta bayan jarrabawa. Suka ce a cusa shi cikin darussan da ake da su: mai koyar da ciko ya faɗi inda ragowar kayan ciko ke zuwa, mai koyar da hoton haƙori ya faɗi yadda ake zubar da ruwan wankin hoto, haka dai har zuwa kan mai koyar da tafiyar da asibiti.

Darasi na Farko: A Auna Kafin a Yanke Hukunci

Da za a tambayi sabon ɗalibi abin da ya fi ɓata muhalli a asibitin haƙori, da kwandon shara zai nuna, inda safar hannu da takunkumi da kofunan roba suka taru. Awo ya nuna wani abu dabam. A shekarar 2017 Brett Duane da abokan aikinsa suka wallafa lissafin iskar ɗumama duniya da aikin haƙori na asibitocin gwamnati ke haifarwa a Ingila. Jimillar da suka samu ita ce kwatankwacin tan 675,000 na iskar kabon dayoksaid a shekara. Kashi 64.5 cikin ɗari na wannan adadi daga sufuri ya fito, watau zirga-zirgar majinyata da ma'aikata zuwa asibiti da komawa gida. Sayen kayan aiki ya ɗauki kashi 19, wutar lantarki da gas suka ɗauki kashi 15.3. Shara da ruwa, idan aka haɗa su, ba su kai ko kashi 1 ba.

Ma'anar wannan a sarari take. Majinyacin da aka sa ya dawo sau huɗu saboda aikin da za a iya gamawa a zama biyu ya ƙona man mota ninki biyu, ya kuma yi asarar yini biyu na neman abinci. Don haka ake koya wa ɗalibi ya tsara jinya yadda za a haɗa ayyuka a zama ɗaya idan lafiyar majinyaci ta yarda, a ga 'yan gida ɗaya a rana ɗaya, a kuma sa tazarar duba haƙori gwargwadon haɗarin da mutum ke ciki, maimakon a kira kowa duk wata shida.

Akwai dabarar awo da ake kira nazarin zagayen rayuwar kaya, wadda ke bin abu tun daga haƙo ma'adinin da aka yi shi da shi, zuwa ƙera shi, da jigilarsa, da amfani da shi, har ranar da aka jefar da shi. Alal misali, wani nazari da aka wallafa a Birtaniya a shekarar 2020 ya kwatanta burushin goge baki iri huɗu, ya gano cewa mai aiki da lantarki ya ninka na gora sau 11 wajen ɗumama duniya. Amfanin koya wa ɗalibi irin wannan awo shi ne ya iya bambance hujja da talla, domin kamfanoni da dama sun gane cewa kalmar muhalli tana sayar da kaya.

Darasi na Biyu: Rigakafi Ya Fi Magani

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.5, kusan rabin al'ummar duniya, suna fama da wata cuta ta baki, kuma ruɓewar haƙori ce a kan gaba. Mutanenmu kan danganta wannan ciwo da tsutsa, amma ga yadda abin yake. Ƙwayoyin bakteriya da ke manne a jikin haƙori suna cin sukarin da muka sha, su fitar da asid. Wannan asid shi ke narkar da farin rufin haƙori sannu a hankali har kogo ya buɗe.

Abin da ɗalibi zai riƙe shi ne ciko ba ya dawwama. Bayan wasu shekaru yakan tsage ko ya saki a gefe, sai a sake shi, kuma duk lokacin da aka sake sai an ƙara faɗaɗa ramin. Daga ƙaramin ciko a koma babba, daga nan a kai ga kashe jijiya, sannan a yi wa haƙori hula, ƙarshe a cire shi a sa na roba. Kowane mataki yana bukatar tafiya zuwa asibiti, da allurar kashe zafi, da kayan aikin da za a dafa, da wuta, da ruwa. Haƙorin da bai ruɓe ba kuwa bai jawo ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A nan ne maslahar majinyaci da ta muhalli suka haɗu wuri guda, shi ya sa malamai suka ɗauki rigakafi a matsayin ginshiƙin darasin gaba ɗaya.

Hanyoyin rigakafin sanannu ne, ba su kuma da tsada. Na farko, rage sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu daga abincinsa na yini, in ma da hali ya sauko ƙasa da kashi 5. A Nijeriya dokar kuɗi ta shekarar 2021 ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai zaƙi. Na biyu, goge baki sau biyu a rana da man da ke ɗauke da sinadarin fuloraid, wanda ke ƙarfafa rufin haƙori. Na uku, barin taba, wadda ke lalata dasashi ta kuma jawo sankarar baki. Asuwaki, wanda muka gada kaka da kakanni, yana cire dattin haƙori idan an iya amfani da shi, ga shi icce ne da ke ruɓewa ya koma ƙasa. Likita mai hankali ba zai raina shi ba, sai dai ya nuna wa majinyaci yadda zai kai shi lungunan baki ba tare da ya ƙuje dasashi ba, ya kuma haɗa masa da man fuloraid.

Darasi na Uku: Zaiba da Inda Take Ƙarewa

Cikon nan mai launin azurfa da ake gani a turamen haƙoran manya sunansa amalgam. Kusan rabin nauyinsa zaiba ce, sauran kuwa garin azurfa ne da kuza da tagulla. Likitoci sun so shi domin yana da araha, yana jure tauna, kuma ko yawu ya ɗan taɓa wurin yakan kama. Matsalarsa tana ga abin da ya rage bayan an gama aiki. Lokacin da ake sa ciko ko ake fasa tsoho, ɓarɓashinsa na bin bututun tsotse yawu ya faɗa magudanar ruwa. Wanda aka jefa cikin shara kuma, idan aka cinna mata wuta, zaibar takan tashi ta zama tururi ta bi iska.

Idan zaiba ta kwanta a cikin laka a gindin kogi ko tafki, wasu bakteriya kan juya ta zuwa wani nau'i da ake kira metil-zaiba, wanda jikin halitta ke riƙewa. Ƙananan halittun ruwa su ɗauka, ƙaramin kifi ya cinye su, babban kifi ya cinye ƙarami, a kowane mataki gubar na ƙara taruwa, har ta iso cikin miyar mutum. Tana lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, tana kuma ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi. Duniya ta ga ƙarshen wannan masifa a garin Minamata na ƙasar Japan, inda masana'antar Chisso ta yi shekaru tana zubar da ruwa mai ɗauke da wannan guba cikin teku. An gano cutar a shekarar 1956, amma sai a 1968 gwamnati ta tabbatar da musabbabinta. Masunta da iyalansu suka riƙa rasa ji da gani da ikon tafiya, aka haifi yara da naƙasa, mutane da yawa suka mutu.

Sunan wannan gari aka sa wa yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka rattaba wa hannu a shekarar 2013 domin taƙaita amfani da zaiba, wadda ta fara aiki a watan Agusta na 2017. Nijar ta tabbatar da shigarta a 2017, Nijeriya kuma a 2018. Gaskiya ne cewa haƙar zinariya ta gargajiya, irin wadda ake yi a Zamfara, ita ce ta fi kowace sana'a sakin zaiba cikin iska a duniya, amma yarjejeniyar ba ta bar amalgam a baya ba. Da farko ta nemi a rage shi ne kawai. A taron Bali na shekarar 2022 aka ƙara cewa a guji sa shi a haƙoran nono, da bakin yara 'yan ƙasa da shekara 15, da mata masu ciki ko masu shayarwa, sai fa in likita ya ga babu makawa. Aka kuma hana likita auna zaiba daga kwalba da hannunsa, sai dai ya yi amfani da wadda aka rufe cikin kafso daga masana'anta. Norwe ta hana amalgam tun 2008, Suwidin ta bi ta a 2009, Tarayyar Turai kuma ta hana shi daga 1 ga Janairu 2025, ban da inda larura ta tilasta. Ƙasashen Afirka na cikin waɗanda suka matsa a sa ranar dainawa baki ɗaya, kuma a taron Janeba na watan Nuwamba 2025 aka tsayar da shekarar 2034.

Wannan yana nufin ɗalibin da ke aji a yau zai yi mafi yawan shekarun aikinsa babu amalgam, amma zai ci gaba da haɗuwa da shi a bakin tsofaffin majinyata. Saboda haka ana koya masa abu biyu. Na ɗaya, yadda zai tsare ragowarsa: a tara ɓarɓashi da kafson da aka yi amfani da shi da haƙorin da aka cire mai ciko cikin mazubi mai murfi, kada a haɗa su da sharar da za a ƙona, kada kuma a wanke bututu da bilic domin yana narkar da zaiba. Akwai na'urar tacewa da ake ɗaurawa a bututun asibiti, wadda ƙa'ida ta ce ta kama aƙalla kashi 95 cikin ɗari na ɓarɓashin. Na biyu, kada ya tsorata majinyaci. Cikon da ke zaune lafiya ba a fasa shi haka kawai, domin lokacin fasawa ne tururin zaiba ya fi tashi, ga kuma asarar lafiyayyen sashen haƙori.

Abubuwan da Za Su Maye Gurbi

Abu biyu ne suka fi shahara. Akwai kwamfosit, farin ciko mai kama da haƙori, wanda ake busar da shi da shuɗiyar fitila. Yana da kyan gani, ba ya kuma bukatar a faɗaɗa rami sosai, amma ya fi tsada, ya fi cin lokaci, kuma idan yawu ya taɓa wurin ba zai kama da kyau ba. Shi ma dangin roba ne, ƙurarsa tana shiga ruwa. Cikon kwamfosit da aka yi da gaggawa ya faɗi bayan shekara ɗaya ya fi cutar da muhalli da aljihun majinyaci a kan wanda aka yi da natsuwa ya daɗe. Ingancin hannun likita, ke nan, shi ma wani sashe ne na kare muhalli.

Na biyu shi ne simintin gilas ayonoma, wanda ake kwaɓawa da hannu, yana manne wa haƙori da kansa, yana kuma sakin fuloraid a hankali, ko da yake bai kai amalgam ƙarfi a babban rami ba. Da shi ne Jo Frencken ya ɓullo da wata dabara a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, inda ake kankare ruɓaɓɓen wuri da ƙananan kayan hannu a cike shi, babu injin huda haƙori, babu wutar lantarki, sau da yawa ma babu allura. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan siminti, da man fuloraid, da wani ruwan azurfa mai tsayar da ruɓewa, cikin jerin muhimman magungunanta. Da irin waɗannan kaya ma'aikaci ɗaya zai iya zuwa makarantar firamare a ƙauye ya duba yara masu yawa a wuni guda, maimakon kowane uba ya ɗauko ɗansa zuwa birni.

Sauran Abubuwan Lura a Ɗakin Aiki

Iskar naitiros oksaid, wadda ake shaƙa wa mai tsoro domin ya natsu, ta ninka kabon dayoksaid kusan sau 270 wajen riƙe zafi a sararin sama, don haka ana koya wa ɗalibi ya duba yoyon bututu, ya kuma ba da ita inda ake bukata kawai. Tsohon salon hoton haƙori yana barin ruwan wanki mai ɗauke da azurfa da kuma fallen dalma a cikin kowane ƙunshin fim, alhali hoton kwamfuta ba ya barin ko ɗaya. Rarrabe shara ma ilmi ne: takardar da aka naɗo kaya a ciki ba ta taɓa jini ba, kuma jefa ta cikin sharar cuta yana ƙara yawan abin da za a ƙona ne a banza.

Sai dai akwai iyakar da malami zai ja wa ɗalibi da babbar murya. Ba a sake amfani da allura ko safar hannu da sunan tattali. Ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini, kuma kare majinyaci daga gare su yana gaba da kowane lissafi. Inda tattali ya halatta shi ne a zaɓi kayan ƙarfe da za a iya turarawa a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta a zafin digiri 134, a kuma cika tukunyar daidai ƙa'ida kafin a kunna ta.

Abin da Ya Shafe Mu

Lissafin Ingila ba zai zama namu kai tsaye ba. Asibitin da ke kwana a kan janareta yana sakin kimanin kilo 2.7 na kabon dayoksaid daga kowace lita ta man dizal, don haka farantan hasken rana za su yi masa amfanin da ya wuce na takwaransa na Turai, ga sauƙin kuɗin mai. Shararmu kuma sau da yawa a fili ake ƙona ta bayan katanga, kusa da gidajen jama'a, inda robar da ke ɗauke da kulorin ke fitar da hayaƙi mai guba. Ga ƙarancin likitocin haƙori, waɗanda akasarinsu ke zaune a manyan birane, abin da ke sa mutumin karkara ya yi doguwar tafiya, ya kuma iso bayan haƙori ya wuce gyara.

Tsangayoyin likitancin haƙori irin na Jami'ar Bayero da ke Kano da Jami'ar Maiduguri, da makarantun da ke horar da masu jinyar haƙori da masu ƙera haƙoran roba, su ne wuraren da wannan ilmi zai kafu. Ba ya bukatar sabon gini. Ana iya ba ɗaliban ajin ƙarshe aikin auna sharar asibitin koyarwa na mako guda, su rarrabe ta, su rubuta nauyin kowane kashi. Wasu su tambayi majinyata nisan da suka taso da abin da suka hau. Wasu kuma su bi diddigin ragowar amalgam daga kujera har inda ta ƙare. Alƙaluman da za su fito namu ne, kuma da su za a iya tunkarar hukumomi. Wajibi ne kuma horon ya haɗa da nas-nas da masu shara, tun da su ne ke ɗaukar kwandon da hannunsu, da likitocin da suka daɗe da gama karatu, ta hanyar kwasa-kwasan sabunta lasisi.

Kammalawa

A taƙaice, abin da ake son ɗalibi ya fita da shi bai wuce huɗu ba: ya hana cuta kafin ta auku, ya yi aiki mai inganci da zai daɗe, ya rage zirga-zirgar da ba ta da dalili, ya kuma san inda kowane abu da ya fita daga ɗakinsa zai ƙare. Tsarin aikin Hukumar Lafiya ta Duniya kan lafiyar baki ya sa burin cewa kafin shekarar 2030 kashi 90 cikin ɗari na ƙasashe su kasance sun ɗauki matakin rage amalgam ko sun daina shi, ga kuma wa'adin 2034 yana tafe. Idan makarantunmu ba su ba ɗalibai isasshen horo a kan sababbin kayan ciko ba, aka kuma bar farashinsu ya fi ƙarfin talaka, to ranar da amalgam ya ɓace daga kasuwa abin da zai rage wa mai ciwon haƙori shi ne a cire masa shi. Karatun likitan haƙori yana cin shekara shida, saboda haka gyaran manhaja aiki ne na yanzu.